Ranar Da Wilf Ya Saki Igiya

Noreen Garside tana shanya a lambun gidansu lokacin da ƙararrawar coci ta rikice.

Tun ƙarfe tara na safe ake kaɗawa. Ƙararrawa shida ce, mutum shida a cikin hasumiya, kowa da igiyarsa, kuma mijinta Wilf ne ke riƙe da babbar, wadda amonta ke shiga har cikin ƙirjin mutum. Doguwar kaɗawa suke yi, irin wadda ake ɗaukar awa uku ba a tsaya ba, ba shan ruwa, ba mai buɗe baki sai jagora. Kowane zagaye jerin ƙararrawar yana canzawa, kowa yana riƙe da lissafinsa a ka. In mutum ɗaya ya ɓata wurinsa aka kasa gyarawa, shi ke nan, wahalar kowa ta tashi a banza. In kuwa an kai ƙarshe lafiya, sai a rubuta sunayensu a allo a kafa a bangon hasumiya. Ta yau domin Wilf aka shirya ta, wai ya cika shekara hamsin yana jan igiya a ƙauyen Kelderby.

Noreen ba ta taɓa jan igiya ba, amma shekara arba'in da ɗaya tana jin kaɗawar ta tagar kicin, kunnenta ya san mai kyau da marar kyau. Saura bai fi minti ashirin a gama ba ta ji biyu sun bugu tare, garam. Suka sake buguwa. Sai babbar ta yi ɗif. Sauran biyar ɗin suka ɗan yi ɗingishi, sannan su ma suka mutu ɗaya bayan ɗaya.

Ta tsaya da jiƙaƙƙen zanen gado a hannu. Abin da ya fara faɗo mata a rai shi ne ciwon zuciya, don Wilf shekararsa sittin da takwas, kuma babbar ƙararrawar ba ƙaramin nauyi gare ta ba. Ta jefa zanen cikin kwando ta fita da takalmin lambu, tana tafe tana kasa kunne ko za ta ji jiniyar motar asibiti. Ba ta ji ba.

Ƙofar hasumiya a buɗe take. Ta hau matakalar tana haki, ta tarar ɗakin ba kowa. Igiya biyar an naɗe su an rataye yadda aka saba. Ta shida tana lilo, jelarta na jan ƙasa. Ta Wilf ce kuwa, shi da yake yi wa masu koyo doguwar lacca a kan barin igiya a sake. Kwat ɗinsa tana rataye a ƙusa, da hularsa a kai. Ta ɗauko su ta sauko.

Shagon shayin Glenys yana kallon ƙofar coci, kuma babu abin da ke wucewa ta titin nan Glenys ba ta gani ba.

"Noreen! Shigo, shigo, zauna. Wayyo ke. Bari in zuba miki shayi."

"Ina Wilf? Asibiti aka kai shi?"

"Asibiti? In da wanda za a kai asibiti ai Desmond jagoransu ne. Mijinki garau yake, da ƙafarsa ya fito, ya wuce ta nan kamar an koro shi, fuska ja wur. Na ɗaga masa hannu, ko kallo ban samu ba. Ni Glenys! Mutumin da shekara ashirin bai taɓa fasa ce mini ina kwana ba."

"To me ya faru?"

Glenys ta ajiye butar shayi, ta matso, ta rage murya duk da kowa a shagon yana ji. "Dokin zuciya ya hau, 'yar uwa. A tsakiyar kaɗawa. Ya wanke Desmond tas, ba sabulu."

"Wilf?"

"Wilf ɗinki."

"Wilf Garside?"

"Kina da wani a ɓoye ne?"

Wani tsoho da ke zaune a bakin taga da karensa a ƙarƙashin tebur ya ɗago daga kan gasasshen burodinsa. "Fashewa ya yi. An ce igiyar ya jefa wa Desmond a fuska."

"Ba a fuska ba," in ji Glenys. "A ƙasa ya yar da ita. Kai dai ci burodinka."

"An ce har ashar ya yi. A ɗakin Allah."

"Hasumiya ba ɗakin Allah ba ce, saman ɗakin Allah ce."

Noreen ta dubi wannan ta dubi wancan. "Waninku yana wurin?"

Babu wanda yake wurin. Glenys ta ji daga bakin matar ɗaya daga cikin masu kaɗawar, tsohon kuma daga bakin Glenys ya ji, ya ƙara nasa gishirin. Da Noreen ta tambayi abin da ya jawo faɗan, sai Glenys ta shiga goge teburin da yake tsaf.

"Ai kin san maza. Zafi ne a saman nan. Ki sha shayinki kafin ya huce. In sa miki sukari biyu yau, ko?"

Noreen ba ta shan sukari, kuma Glenys ta sani. Ta sha haka nan.

Mutanen Kelderby suna da kalmomin fushi masu yawa. Wane ya hasala, wane ya tunzura, wance ta tada jijiyar wuya, wancan idonsa ya rufe. Noreen ta riƙa ɗaukar su ɗaya ɗaya tana gwada wa Wilf kamar riga, babu wadda ta shige shi. Shekarar da tumakin maƙwabci suka shiga lambu suka cinye masa kabeji kaf, tsayawa ya yi ya duba ya ce, "To, sun dai ji daɗi." Ranar da 'yarsu tana koyon tuƙi ta daki ƙofar gareji, cewa ya yi dama ƙofar tana son fenti. In ransa ya ɓaci sosai, iyakarsa ya kwashe takalman gidan ya fita lambu ya yi ta goge su har su yi ƙyalli.

Amma akwai wani Garside da ta taɓa gani ya yi fushi. Tsoho Arnold, mahaifin Wilf, makiyayin tumaki, shi ma sanyi ƙalau kamar ɗansa. Wata Lahadi suna cin abinci ya ɗauki farantinsa ya maka wa bango, wai an ɓoye masa cokali, alhali cokalin yana hannunsa. Daga nan aka fara. Kafin shekara biyu ya daina gane Wilf, yana kiransa da sunan wani ƙanensa da ya mutu tun suna yara. Noreen ce ta yi jinyarsa har ƙarshe, a ɗakin da yanzu take ɗinki.

Kuma akwai 'yan abubuwa a bana. Buta da ta tarar a kan wuta ba ruwa a ciki, gindinta ya ƙone. Ta jefar ta sayo irinta sak, ba ta ce komai ba. Ranar da Wilf ya tafi sayo madara ya dawo da jarida kaɗai, ya tsaya a bakin ƙofa yana duban hannunsa. Ta ce dama madarar ba ta ƙare ba. Duk wannan ta tura su can ƙasan ranta ta danne, don kowa yana mantuwa. Amma fushi? Da fushi na Arnold ya fara.

Ta miƙe, ta rungume kwat ɗin, ta nufi gidan Desmond Platt, jagoran masu kaɗawa.

Ta same shi a gaban gida da almakashin lambu a hannu, yana tsaye a gaban furen wardi bai yanki komai ba. Fuskarsa lafiya lau, ba alamar igiya.

"Misis Garside," ya ce. Shekara talatin yana kiranta Noreen. "Gari ya yi kyau yau, ko? Sun ce da yamma zai canza."

"Desmond, me Wilf ya yi?"

"Wilf? A'a, ba komai. 'Yar ƙaramar magana ce. Ana samun haka. Ki shigo mana, yanzu na ɗora ruwan shayi."

"Na sha. Me ya ce maka?"

"Ba abin da za a maimaita ba ne."

"Maimaita mini."

Desmond ya cire gilashinsa ya goge da gefen riga ya mayar. "Ya ce in daina yi masa magana kamar jinjiri. Ya ce mu daina kallonsa. Da ƙarfi ya faɗa, har Hilary ta kusa sakin igiyarta. Sannan ya… ya ambaci wata dabba."

"Wace dabba?"

"Jaki." Ya yi gyaran murya. "Jaki mai gilashi."

Dariya ta taso wa Noreen, ta haɗiye ta, sai ta ji ta koma kamar kuka. "Wurinsa ya ɓata?"

"Kowa yana ɓatawa wani lokaci. Ni ban riƙe shi a rai ba, ki gaya masa haka. Babu wanda ya riƙe shi. Duk mun fahimta."

"Kun fahimci me?"

"Yana dai cin abinci sosai? Yana samun barci?"

"Me ya kawo maganar barci?"

"A'a, haka nan kawai." Ya ɗaga kai ya dubi sama. "Ina ganin ruwan nan zai riga yamma sauka. In kin yi shanya gara ki kwashe."

Ta tsaya tana dubansa, shi yana duban gajimare. Ta zo da tambaya ɗaya, ga shi za ta tafi da uku. Ta ce masa ta gode, ita kanta ba ta san na mene ne ba, ta juya.

Saura Hilary Booth. Tsohuwar malamar lissafi ce, ita ke jan ƙararrawa ta uku, kuma a duk ƙauyen ita kaɗai ce in aka tambaye ta ko sabuwar riga ta yi kyau za ta iya cewa a'a. Ƙofar kicin ɗinta a buɗe take. Tana zaune ko takalmi ba ta cire ba, teburin cike da takardu, kowace an jera mata lambobi daga sama har ƙasa.

"Zauna," in ji Hilary ba ta ɗago ba. "Ba zan ba ki shayi ba, na san sun ɗura miki. Jira in gama layin nan."

Noreen ta zauna. Hilary ta ja layi, ta sake bin lambobin da bakin fensir, sannan ta ajiye shi ta dafe goshi.

"Sau uku na bi. Wilf ne ke da gaskiya."

"Kamar yaya?"

"Bai ɓata wurinsa ba. Yana daidai inda ya kamata. Desmond ne ya zame, ya faɗo kan wurin Wilf, shi ya sa kika ji sun bugu tare. Duba nan." Ta turo takarda. Noreen ta duba, ba ta ga komai ba sai lambobi. "Desmond bai ma san shi ne ba. Har yanzu bai sani ba. Ya juya ya ce, 'Wilf, biyo bayana, kada ka damu, a hankali.' Da wata irin murya mai laushi, irin ta masu jinya. Wilf ya ce, 'Kai ne.' Desmond ya ce, 'Ba komai, Wilf, muna tare da kai.' Mu duka biyar muka zuba masa ido muna gyaɗa masa kai, har da ni. To a nan ne fa ya tsayar da ƙararrawarsa ya sauke mana kwandon masifa."

Noreen ta ji wani abu ya saki a ƙirjinta. Ashe ba fushin cokali ba ne. Fushi ne mai dalili, irin na mai hankalinsa. Ta kusa miƙewa ta tafi da wannan. Amma wani abu ya tsaya mata.

"Me ya sa duk kuka kalle shi? Mutum biyu suka bugu. Me ya sa ba wanda ya kalli Desmond?"

Karo na farko Hilary ta kawar da kai. Ta tattara takardun ta daidaita gefensu.

"Hilary."

"Tun bikin Ista," ta ce. "Ranar Ista da safe ya ɓace a tsakiyar wani tsari mai sauƙi, wanda shi ya koya mini. Ba zamewa ba, ɓacewa. Ya tsaya yana jan igiya yana dubanmu kamar bai san mu ba. Na ɗan lokaci ne, ya dawo. Bayan nan ya sake sau biyu. Sai muka shirya a tsakaninmu, duk wanda ke kusa ya riƙa yi masa alama da ido."

"Kuka shirya."

"A mashaya, bayan ya tafi gida." Hilary ta numfasa. "Tun da na fara bari in ƙarasa. Shekararsa arba'in da tara yana kaɗawa, ba hamsin ba. Yana rubuce a littafin hasumiya. Desmond ne ya ce a yi bana, ko da baɗi… ko da baɗi ba ta yiwu ba."

Noreen ta tuna da gida. A kan teburin kicin ɗinta akwai kek da ta gasa jiya, ta zauna ta rubuta hamsin a kai da farin sukari, sau biyu tana gogewa don sifirin ya ƙi zagayuwa. Ta ji zafi ya taso mata daga wuya zuwa kunne. Ba ta san lokacin da tafin hannunta ya sauka a kan tebur ba, fensir ya yi tsalle ya faɗi ƙasa.

"Wata biyar! Wata biyar kuna zama a kan mijina kuna shawara, ni ina gida ina gasa muku kek! Kullum Lahadi kuna gaishe ni a ƙofar coci, kuna tambayata lafiyar tumatirina! Ba mai bakin da zai ce, Noreen, zo ki ji? Glenys ma ta sani, ko? Da sukarinta biyu!"

"Glenys ta sani."

"Har karen tsohon nan na bakin taga ya sani!"

"Mun zaci kin sani," in ji Hilary a hankali. "Muka ga ba ki ce komai ba, sai muka ce ba kya so a yi maganar. Ba ma so mu shiga abin da ba namu ba." Ta sunkuya ta ɗauko fensirin. "Ba ki ga komai a gida ba?"

Noreen ta janye hannunta daga kan teburin. Hannunta yana zogi. Ba ta san ko da Hilary take fushi ba, ko da Desmond, ko da wa. Ba ta ma san ko murna ya kamata ta yi ba, tun da yau Wilf ne mai gaskiya.

"Yi haƙuri da teburinki," ta ce.

"Ya ga abin da ya fi haka. Je ki nemo shi. Ni zan kai wa Desmond takardar nan, ya ga jakin da idonsa."

Ba ta sha wahalar nema ba. Hanyar da ke hawa tudu a bayan ƙauyen tana ƙarewa ne a wata katangar duwatsu, inda Arnold yake kiwo a da. Wilf yana zaune a kanta daga shi sai 'yar shara, ya juya wa ƙauyen baya, tumaki na kiwo a gabansa ba ruwansu. Iska ta fara sanyi. Ta miƙa masa kwat ɗin, ya karɓa ya sa, ta ɗora masa hular a ka da kanta.

"Ka hau da nisa, dattijo."

"Ban san na iso nan ba sai da ƙafata ta gaji." Bai dube ta ba. "Kin ji?"

"Duk gari ya ji. An ce ka fasa wa Desmond fuska, an ce ka yi ashar a ɗakin Allah."

"Jaki na ce."

"Mai gilashi."

Gefen bakinsa ya ɗan motsa. Sai ya juyo, idonsa ja. "Ban ɓata ba, Noreen. Yau ban ɓata ba. Na san inda nake kamar yadda na san sunana. Shi ne ya faɗo mini."

"Na sani. Hilary ta bi lissafin sau uku. Kai ne daidai."

Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya sauke wani dogon numfashi, kafaɗunsa suka sauka. "Tun da na zauna nan nake bin sa a kaina. In bi in ga ni ne daidai, sai in ce to ai Baba ma ya rantse an ɓoye masa cokali."

Ta hau katangar ta zauna kusa da shi. Dutsen da sanyi.

"Ka san hamsin ɗin nan ba ta cika ba?"

"Na sani mana. Ni na rubuta littafin. Da Desmond ya zo da maganar na ce to, na gode. Me zan ce? Mutum ya zo zai karrama ka, ka ce masa bai iya ƙirge ba?" Ya murza tafin hannunsa, inda igiya ta yi masa kanta. "Na san dalilin. Ina ganin idanunsu tun Ista. Kowa yana gyaɗa mini kai kamar yaron da ke koyon tafiya. Ba wanda ya ce, Wilf, ka ɓata. A da in na yi kuskure Desmond har ihu yake yi mini, mu je mashaya mu yi dariya. Yanzu sai murmushi. Murmushin nan ne ya ishe ni."

"Ranar Ista fa? Me ya faru?"

Ya juya ya dubi tumakin.

"Kin san in kin farka a ɗakin baƙi, kafin ki tuna inda kike? Haka. Igiya a hannuna, mutane biyar a gabana, na san ya kamata in san su. Sai ya wuce." Ya ɗaga yatsu huɗu. "Sau huɗu. Su uku suka gani. Ɗayan a gareji ne, ni kaɗai."

"Ba ka gaya mini ba."

"Ke kin gaya mini? Butar nan da kika canza. Tsohuwar akwai lotsawa a murfinta, ni na yar da ita a shekarar da aka yi ambaliya. Na tashi da safe na ga lotsawar ta warke."

Noreen ta ji kunya ta rufe ta, sai kuma haushin ɗazu ya dawo. "To da ka gani me ya hana ka magana?"

"Na ga kin yi wahala kin nemo iri ɗaya. Ban so in ɓata miki ba."

"Kai Wilf, Allah ya shirye ka."

"Ya shirye mu tare."

Wata tunkiya ta matso ta tsaya tana dubansu tana tuƙa, sannan ta wuce. Daga nan ana hango hasumiyar coci, da rufin gidansu, da zannuwan da ta bari rabi a igiya rabi a kwando. Gajimaren Desmond ya fara haɗuwa ta yamma.

"Ni na rasa gane kaina," ta ce. "Tun safe nake addu'a kada ya zama irin na Baba. Aka ce mini ba shi ba ne, na yau dai. Kafin in gama murna aka ce amma akwai na Ista. Yanzu ban san me zan ji ba."

"Ni ma haka."

"Wataƙila ba shi ba ne. An ce akwai abubuwa da yawa da ke kawo haka. Hawan jini, ko maganin da kake sha."

"Wataƙila." Ya gyara hularsa. "Wataƙila kuma shi ne."

Ba wanda ya taɓa faɗin haka a fili a tsakaninsu. Ta jira ta ji abin da zai biyo baya, ba abin da ya biyo. Tumaki suna ta kiwonsu.

"Litinin za mu ga likita," ta ce.

"To."

"Tare za mu shiga. Kuma in ya tambaye ka yaya jiki, ka ce masa lafiya lau, na rantse a gabansa zan kira ka da sunan dabba."

"Wace?"

"Zan zaɓa kafin Litinin."

Ya sauko daga katangar da ƙyar, ya miƙa mata hannu ita ma ta sauko. Suka kama gangara a hankali, don gwiwarsa ba ta son gangara. Sun yi rabin hanya ya tsaya.

"Desmond zai zo ba da haƙuri, ko?"

"Da Hilary ta nuna masa takarda. Ina jin yanzu haka yana ƙofar gidanmu."

"Mu bi ta bayan gonaki, ya ɗan jira. Ban gama jin haushinsa ba." Ya ɗan yi tunani. "Ban san yadda ake gamawa ba ma. Da kansa yake wucewa, ko sai an yi wani abu?"

"Ni ma yau na fara," ta ce. "Na daki teburin Hilary."

Ya tsaya ya dube ta sosai, daga sama har ƙasa, har takalmin lambun da ke ƙafarta. Ruwa ya fara ɗigowa, suka ƙara sauri.

Ranar Litinin ƙarfe takwas daidai ta kira asibitin ƙauye. Wilf yana tsaye a bayanta da kofin shayi. Matar da ta ɗauka ta tambayi abin da ke damunsa, Noreen ta buɗe baki za ta ce ba wani abu ba ne sosai, sai ta tsaya, ta faɗa yadda yake: yana ɓacewa, sau huɗu tun Ista, kuma mahaifinsa ya yi ciwon mantuwa. Aka ba su Alhamis da ƙarfe goma. Da matar ta nemi ranar haihuwarsa, Noreen ta ce sha bakwai ga Maris.

"Sha tara," in ji Wilf daga bayanta. "Sha bakwai taki ce, kuma a Mayu."